Masu Jego Ashirin da Bakwai, Duk Lafiya Lau

Mahbuba 'yar Malam Jibrin direba a Riyad aka haife ta, a wani gidan haya a unguwar Utaiƙa, kuma har yau Katsina a waya kawai take ganinta. Uwarta Delou ta rasu tana da shekara tara, shi ya sa ta tashi Larabci na zuba a bakinta, Hausa kuwa sai ta tsaya lalube. Ta yi karatun nas, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da kasuwar Batha, ta auri Ghali mai gyaran waya. Shekara takwas Allah bai kawo haihuwa ba. Mace ce mai kirki, hannunta da sauƙi wurin allura, sai dai an yi ta da son takarda. Ka ce mata kanka na ciwo, kafin ta nemo magani ta nemo biro.

A shekarar 2016 ta shiga karatun digiri na biyu ta kwamfuta, a wata jami'a can ƙetare. Wai ana koya wa ma'aikatan lafiya ne yadda za su ja ragamar lafiyar mutanensu na asali da kansu, ba sai baƙo ya zo ya ja su ba. Tun daga nan kanta ya fara ɗaurewa.

Ta ce, "Baba, mu 'yan asalin ina ne?"

Ya ce, "Katsina mana."

"To ai 'yan Katsina in sun zo Umara 'yar Saudiyya suke ce mini. Nan kuma kowace shekara sai an sabunta mini iƙama, takardar zaman baƙo."

Tsohon ya ce don Allah ta bar shi ya sha shayinsa. Ta kai wa malamarta maganar, malamar ta ce ta yi aikin bincikenta a kan matan da za su zo mata gaisuwa in ta yi rashi. Sai ta zaɓi masu jegon Hausawan Utaiƙa. Tana da dalili. A shekara guda an kawo musu asibiti masu jego biyu jiki a kumbure suna haki, ɗayar, Mariamou, ba ta koma gida ba. Mahbuba na zargin kunun kanwa da ake ɗirka musu har kwana arba'in.

Ta tsara tambayoyi goma sha biyu a takarda. Duk Juma'a, ranar hutunta, sai ta sa fararen kayan aiki a ƙarƙashin abaya ta bi gida gida. A shigar da ita falo, ta gaida hajiyar gidan, a kawo shayi da dabino, a kira mai jego ta rakuɓe a bakin darduma kai a ƙasa.

"Ƙafarki na kumbura?"

"A'a."

"Kina haki in kin hau bene?"

"Lafiya lau."

Gida ashirin da shida, duk lafiya lau. Malamar ta ce babu garin da ake samun masu jego haka ko ciwon baya babu, ta sake dubawa. Mahbuba ta ɗauka Hausarta ce ta gaza. Ta ba Ghali ya gyara mata tambayoyin, ta koma, aka sake ba ta shayi, aka sake ba ta lafiya lau. Ta fara tunanin ko ita ce ba lafiya lau ba.

Ta ashirin da bakwai ita ce Khairat, ƙanwar Ghali, haihuwar fari, kwana goma sha biyu, tana jego a gidan uwar mijinta Hajiya Bilƙisu. Da yarinyar ta shigo falo sai Mahbuba ta ƙura mata ido. Fuska ta yi suntum, zobe ya nutse a yatsa.

Hajiya ta ce, "Kin ga yadda jego ya karɓe ta? A gidana ba a rama."

Mahbuba ta ce, "Khairat, mu ga ƙafarki."

Yarinyar ta ja zani ta rufe har yatsu, ta ce, "Lafiya lau, Anti."

Haka ta fito, takarda na faɗin abu ɗaya idonta na faɗin wani. Ta san in ruwan nan ya ci gaba da taruwa, hanyar Mariamou ce, kuma ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. A matakalar bene ta ci karo da Tabawa, tsohuwar ungozomar unguwar, da ledarta ta busasshen ganyen darbejiya da alhazai ke kawo mata. Yanzu a asibiti ake haihuwa, amma wankan jego a Utaiƙa ba mai yi sai ita.

Tabawa ta ce, "'Yar Delou, ke ce mai yawo da takarda kamar 'yan kamen iƙama?"

"Inna, aikin makaranta ne."

"Makarantar ce ta ce ki tambayi yarinya ciwonta a gaban uwar mijinta? Kuɗin makaranta dai ya tafi a banza. A gida mai haihuwar fari wurin uwarta take tafiya wanka, can take kuka ta more. Nan uwar na Katsina, ba biza. Yarinya na zaune a gidan surukai, ko ɗan da ta haifa ba ta iya kallo a gabansu don kunya. Ta ce ba ta da lafiya, ta ce Hajiya ba ta kula da ita ke nan?"

Mahbuba ta dubi takardunta. Ta ce, "To a ina zan tambaye ta?"

"Ba a tambaya, gani ake yi. Gobe da sassafe ki zo. Ki bar mini fararen kayan nan da biro a gida. Bokiti ya fara yi mini nauyi."

Washegari mai digiri ta wuce ta gaban Hajiya ɗauke da bokiti, Hajiya ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tukunya na tafasa a kan gas a bakin banɗaki, ga zafin Riyad na watan Yuli, wanda ruwan tanki ma da kansa yake dahuwa. Aka rufe ƙofa. Khairat ta kwance zani, ƙafafu kamar an hura su. Ba wanda ya tambaye ta komai, ita ta buɗe baki.

"Anti, kwana uku ke nan a zaune nake barci. In na kwanta numfashi ƙwacewa yake."

Tabawa ta ce, "Na gani tun shekaranjiya. Sanyi ne ya shige ta. Na ce a ƙara mata kanwa a kunu."

Mahbuba ta ce, "Inna, kanwar ce ke tara mata ruwan."

Tsohuwa ta ajiye ganye. "Ni za ki koya wa jego? Shekara arba'in ina yi. Ke da ko kwana ɗaya ba ki taɓa zama a cikinsa ba."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Duk abin da ta karanta a kan jagoranci, yadda ake shawo kan dattawa, yadda ake zaman shawara, ta neme shi a kanta ta rasa. Bakinta ya ƙi Hausa ya ƙi Larabci. Sai kawai ta kama babban yatsan Tabawa ta danna a ƙwaurin yarinyar. Da aka ɗaga, rami ya zauna, ya ƙi cikowa. Ta laluba aljihun abaya ta zaro abin sauraren ƙirji, don biro kawai ta iya bari a gida, ta maƙala wa tsohuwa a kunne, ta ɗora a bayan Khairat.

Tabawa ta daɗe tana saurare. Ta ce, "Mene ne wannan kamar ana taka busasshen ganye?"

"Ruwa ne a huhu."

"Mariamou ta bara, haka nata ya yi?"

"Haka ya yi, Inna."

Tabawa ce ta yi wa Mariamou wanka. Ta miƙa hannu ta kashe gas.

Mahbuba ta zabura za ta je ta gaya wa Hajiya, tsohuwa ta damƙo abayarta. "Ina za ki? Za ki je ki sake ɓatawa?"

Tabawa ta fita falo tana gyara ɗaurin zani. Ta ce, "Hajiya, kanwar Batha ta bana ba ta yi mini ba, ƙarfi gare ta kamar me. Ni na ce a ba yarinya, ni kuma na ce a daina. Ke kam ko uwarta ba za ta yi abin da kika yi ba, shi ya sa ba zan bari a ce a gidanki wani abu ya same ta ba. Kira mijinta Mamane ya kawo mota, asibiti za mu, ni zan raka ta. Ke 'yar Delou, kin tsaya kina kallona, ɗauko jaka."

Hajiya ta tsine wa kanwar Batha, ta kira ɗanta. Kwana tara Khairat ta yi a asibiti ana sauke ruwa, ta dawo da ƙafafunta na da.

Daga nan duk gidan da Tabawa za ta wanka ranar Juma'a, Mahbuba na biye da bokiti. Kanwa ta ragu ta koma ɗan abin taɓa baki. Zafin ruwa kuwa Tabawa ta ce ko jami'ar ce ta zo da kanta ba za ta rage ba, har yau suna kan wannan rigimar. A cikin matan nan masu lafiya lau, biyar aka kai asibiti.

Da aka zo rubuta rahoton ƙarshe, akwai gurbin da aka ce a sa sunan jagorar aikin, da na mai taimaka mata. Mahbuba ta yi kwana biyu tana juya biro. Ita ta san ciwon, amma ba wanda ya motsa don ta faɗa. Tabawa aka bi, amma ita ce mai cewa a ƙara kanwa. Ta je ta tambaye ta.

Tabawa ta ce, "Sa sunanki mana, ni ina ruwana da takarda? Amma Juma'a ki zo da wuri. Wancan makon kin bar mini ruwa ya huce."

An ba ta digirin. Malam Jibrin ya sa shi a gilashi ya rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya ce masa 'yarsa ta zama shugabar lafiya. In aka juyo ana tambayar Mahbuba shugabar su wa, sai ta buɗe baki ta rufe, ta tashi ta kawo shayi.