Tsohuwar da ke Tsintar Roba a Monza

Tseren motocin na ƙarewa aka buɗe shinge, muka kwarara kan titin Monza kamar kowace shekara, ana ta gudu da jajayen tutoci zuwa inda ake ba da kofi. Ita kaɗai ce ba ta gudu.

Tsohuwa ce 'yar firit cikin rigar zuwa coci, gashinta fari fat. Tana bin gefen kwalta, tana duƙawa da kyar, hannu ɗaya a gwiwa, tana tsintar ɓarɓashin robar da tayoyi suka zubar a kwana. Kowanne sai ta shinshina kafin ta sa a hankici. Hular da ke rataye a jakarta ta maza ce, rana ta cinye janta. Ina jin hular ta girmi direbobin yau duka.

Wani mai gadi ya matso. "Kaka, shara kika zo taya mu? Kofin yana can!"

"Je ka gani, ɗan nan. Wa ma ya ci?"

"Au, ba ki kalla ba?"

"Ina ruwana da mota? Mijina ne mai son tseren, Ermanno. Tun kafin aurenmu bai taɓa fashi ba. Bana ƙafa ta ƙi, ido ma ya tafi." Ta ƙulle hankicin. "In na ce na zo a madadinsa, cewa zai yi ƙarya nake. Amma ba zai ƙaryata hancinsa ba."

Ta cusa ƙullin a ƙirji, ta nufi ƙofa da sauri, tun ƙaurin bai fita ba.