Abin da Aka Rubuta a Katin Madubi

Madubi ba sunan yanka ba ne, direbobin siton siminti ne suka laƙa wa taubashina. Shekara goma sha shida yana tsayawa bayan tirela yana yi musu jagora idan za su ja da baya zuwa dakalin lodi. Babu direban da ke kallon madubin motarsa, hannunsa suke kallo. Siriri ne, in iska ta taso sai an riƙe masa riga, amma in ya ɗaga hannun dama, mota mai taya goma sha takwas sai ta durƙusa. Ko ruwa zai ce matarsa ta kawo, da hannu yake yafito ta har ta iso, sannan ya tsayar da ita.

Wata Talata da hantsi buhu ya faɗo tsakanin dakali da motar Dogo, direban da suke cin abinci kwano ɗaya. Madubi ya tsayar da motar, ya zura hannu zai janye buhun. Birkin motar nan kuwa ya daɗe da mutuwa, da guntun katako ake tare ta, an gaya wa manaja har baki ya yi tsami. Ta zame taku ɗaya tak.

'Yan sito suna da ƙa'ida tun ta iyayen gidansu: duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki, in an je asibiti a ce babur ne ya kaɗe shi a titi, don kada 'yan sanda su kama direba su tsare mota. Haka suka faɗa, haka aka rubuta a katin asibiti. Shi ma gogan naka, yana tsakanin duniya da lahira, ya gyaɗa kai. Likita ya yanke masa hannun dama daga ƙasan gwiwa.

Sai bayan kwana shida manaja ya zo da lemo uku a leda. Ya ce kamfani ya yi juyayi ƙwarai, sai dai kati ya ce a titi ne, kamfani kuma ba shi da titi.

Washegari matar Madubi ta ɗauki mayafinta ta tafi ofishin ƙwadago.

Ran Alhamis da azahar wata jami'ar ƙwadago ta iso ɗakin marasa lafiya da fayil a hammata. Manaja ya riga ta, yana tsaye a ƙarshen gado. Dogo na bakin ƙofa riƙe da filas ɗin shayi, kwana tara kenan kullum sai ya kawo, bai taɓa ƙetare ƙofar ba.

Jami'ar ta ja kujera. "Malam, in a wurin aiki ne, magani da hannun roba da diyya duk a wuyan kamfani suke, ba kuma alfarma za su yi maka ba. In a titi ne, sai dai in ce Allah ya ƙara sauƙi in tafi. A ina ne?"

Madubi ya kalli silin. 'Ya'yansa huɗu, ga dungulmi a cikin bandeji. Dogo kuma 'ya'ya shida da tsohuwa makauniya, in aka karɓe lasisinsa ko tura baro bai iya ba. Fanka na juyawa, gumi na bin wuyansa kamar an kunna famfo.

"Baban yara, da kai ake magana," in ji matarsa.

"Ai yana rubuce, Hajiya," manaja ya sa baki. "Kati ba ya ƙarya."

"Ba kai na tambaya ba."

Madubi ya buɗe baki. "To, ni dai abin da na tuna, na fito zan tsallaka..."

"Tsallaka ina?" Dogo ne, ya shigo har gaban gado. "Kai da ko titin gidanku sai an riƙe maka hannu? Ranki ya daɗe, a cikin sito ne. Motata ce. Ni ne a sitiyari."

"Dogo, rufa wa kanka asiri," Madubi ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Yi mini shiru, mai ƙashin tsintsiya. Kwana tara ban iya kallon yarana suna cin abinci da hannu ba."

Jami'ar ba ta ɗago ba, rubutu take. "Motar tana da birki?"

Dogo ya juya ya dubi manaja. Manaja ya laluba aljihu, wai ana kiransa a waya, alhali wayar ko tari ba ta yi ba.

"Tsaya tukuna," ta ce wa manaja. "Motar nan kada ta motsa, kada kuma bakanike ya taɓa ta sai mun gani. Direba, za ka biyo ni ka maimaita wannan a gaban 'yan sanda. Ka san haka?"

"Na sani."

Ya ciro makullin motar ya ajiye a kan fayil ɗinta. Ta tura takardar da ta rubuta gaban Madubi, ta buɗe tawada. Ya daɗe yana kallon Dogo, sannan matarsa ta kama babban yatsansa na hagu, ya bar ta ta dangwala.