Kunnen Goggo Diep

Ƙarfe biyar saura na asuba kullum nake samun Goggo Diep a bakin lungunmu na Gunduma ta Huɗu a Saigon, tana fifita gawayi da murfin tukunya. Amalankenta mai gilashi yana gefe, ta riga ta jera niƙaƙƙiyar hanta, yankakken naman alade, kokwamba, karas mai tsami da barkono. Baƙin karenta Muc yana kwance a ƙasa yana jiran abin da zai faɗo. Burodi kawai ya rage, shi kuma ni nake kawo shi. Sunana Luom. Shekara goma sha tara ina ɗauko kwandon burodi a babur daga gidan gashin Maigida Tong.

Ita ba ta gaisuwa. Hannu take zurawa cikin kwandon, ta zaro guda, ta kai kunnenta na dama, ta matse. In ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras sai ta gyaɗa kai in sauke. In ya yi shiru, in koma da kayana. Banmi, wato burodin da ake tsagawa a cusa masa kaya, a wurinta ɓawon ne komai. A duk shekarun nan sau uku ta taɓa mayar da ni, kuma duk ukun ruwan sama ne ya dake ni a hanya. Tana da gaskiya, ban yi musu ba.

Sai bana. Ranar Litinin ta matse, ta ce burodin ya mutu. Talata haka. Laraba ta matse guda shida.

"Luom, wannan burodi ne ko matashin kai?"

"Goggo, yanzu aka fito da shi. Yana ƙona mini baya."

"To bayan naka ya ci. Ni ba na sayar da bebe."

Masu dako da direbobi suka tsaya cirko-cirko da yunwa, ta sallame su da ƙwai soyayye a takarda. Ranar Alhamis da na sake komawa gidan gashi da kwando cike, Maigida Tong ya fito da fulawa har gira.

"Ko dai tsayawa kake shan kofi a hanya har ya huce, ko kuma tsufa ya kama ka. Gobe in kwandon nan ya dawo, ka ajiye shi tare da makullin babur."

Shekarata hamsin da takwas, gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ban iya komai ba sai tuƙi da kaya a baya. Ba wanda zai ɗauke ni.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Da rana na koma lungun, na faka a bayanta tana wanke kwanuka, na danna hon. Muc ya zabura ya bugi ƙafar amalanke. Mai gyaran taya na tsallaken titi ya zage ni. Goggo Diep ko gezau. Na sake dannawa, sai ta kai hannu ta kori sauro a wuyanta. Daga nan na gane ba burodin ne ya yi shiru ba, kunnenta ne. Bakin mutum take kallo ta gane magana.

Gaya mata kuwa ba zai yiwu ba. Ashe 'yarta ta riga ta gwada, ta sayo mata ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne don ƙara ji. Na gan shi da idona, ta tokare ƙafar kujera da akwatinsa.

Juma'a na iso ban san me zan yi ba. Na tarar da wani Bature dogo kamar falwaya a gaban amalanken, da jakar baya da taswira a waya, gumi ya jiƙa shi tun gari bai waye ba. Irinsu suna yawan ɓacewa su faɗo lungunmu suna neman banmi na gaske, wanda ba a shagon mai sanyi ba. Wannan ya yi dabara, ya biyo masu dako. Ya miƙa mata wayar, wayar ta yi magana da yarenmu cikin muryar mace mai mura: don Allah guda ɗaya, ban da barkono.

Goggo ba ta ko kalle shi ba. Ta zaro burodi, ta matse a kunne, ta taɓe baki.

"Yau ma gawa ka kawo. Gaya wa wannan dogon ya tafi, babu."

Na sauko daga babur. Na fizge burodin daga hannunta, abin da ban taɓa yi ba. Na kamo igiyar jakar Baturen na jawo shi ƙasa, na manna masa burodin a kunne, na matse da ƙarfi. Ɓawon ya tarwatse, ɓurɓushi ya cika masa gashi da wuyan riga. Ya zaro ido, ya ɗaga gira, sai ya washe baki kamar an ba shi jariri.

Goggo ta tsaya tana kallon fuskarsa. Ta daɗe. Sannan ta zaro wani, ta kama kunnen mutumin da yatsu biyu kamar za ta kai shi wurin uwarsa, ta matse da kanta. Ya sake washe baki.

"Kunnen nan da girma," in ji ta. "Kamar ganyen ayaba. Sauke kwandon, Luom, me kake tsaye kana kallona? Yau dai Tong ya tuna yadda ake gashi."

Ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Ta tsaga burodin, ta shafa hanta, ta jera nama da kokwamba, ta zuba barkono cokali biyu. Ya nuna mata wayar, ta nuna masa kujera. Ya ci yana hawaye, hanci na zuba, masu dako suna tafa masa. Ya gama ya ɗaga yatsa, a ƙaro.

Ban san me ya je ya rubuta wa 'yan'uwansa ba. Sati biyu ba a yi ba suka fara zuwa da sassafe, maza da mata, kowa ya iso sai ya cire hula ya duƙa ya miƙa kunne. A zatonsu haka ake sayen banmi a ƙasar nan. Wata ma ta je ta miƙa wa mai banmin bakin gada kunnenta, shi kuma ya ɗauka ciwo take yi, ya nuna mata kemis. Mu dai ba wanda ya gyara musu. Goggo tana samun kunnen aro kullum, ni kuma makullin babur yana aljihuna.

Shekaranjiya aka wayi gari da yayyafi, ba Bature ko ɗaya. Na rufe kwandon da leda biyu da rigar ruwana, ni na jiƙe. Ta duba titi dama da hagu, ta yi tsaki.

"Kawo kunnenka."

Na duƙa. Ta matse. Ya yi ƙara sosai, na ji har cikin haƙorina. Na ce mata yana da kyau. Ta ƙura mini ido.

"Fuskar nan taka kamar shagon da aka rufe. Ko biki ake ko jana'iza duk ɗaya. Matsa can."

Ta sunkuya ƙarƙashin amalanke, ta ɗaga kunnen Muc, ta matse masa burodin. Karen ya miƙe zumbur, ya cafke shi daga hannunta, ya kwasa da gudu cikin lungu.

Goggo Diep ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ta goge hannu a zani, ta janye kwandon daga bayan babur ɗina da kanta, ta ɗauki wuƙa ta fara tsagawa.