Injiniya Brimah da 'Yar Gariba

Brimah taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da kotun da zai kai ni. An haife shi a Zongon Kumasi ranar da ungozoma ta ce ba ta taɓa ganin jariri ya fito da baki buɗe yana neman wanda zai yi wa bayani ba. Shekara arba'in da biyar ke nan, bakin bai rufe ba.

A Magazin na Suwame, inda ake gyaran motoci, kowa da aikinsa: wani ya kwance inji, wani ya yi walda, wani ya yi fenti. Aikin Brimah shi ne ya tsaya a bayan mai aiki da hannu a ƙugu ya ce, "Ni ma haka zan yi." Da wannan ya samu sunan Injiniya, kuma shi ya raɗa wa kansa. Spana ɗaya gare shi, tun zamanin da ake hawa tasi da tsohon kuɗi, kuma har yau ba ta san ɗanɗanon noti ba. Rigar aikinsa ta fi ta limami fari. Idan masta ya aike shi sayo fan-bel, sai ya dawo da labarin mutum uku da ya sasanta a hanya, bel ɗin kuwa na wata motar ce.

Matarsa Azumi ce ke riƙe da gidan. Kafin rana ta fito tana bakin titi da tukunyar waakye, shinkafa da waken nan da duk unguwar Asawase ke layi a kai. 'Yarsu ɗaya, kuma sunan mahaifiyar Brimah aka sa mata, wato Rakiatu. To kun san yadda muke: wa zai buɗe baki a tsakar gida ya kira sunan tsohuwa gatsau, ya ce zo nan ki wanke kwano? Tun ranar suna aka ce Nana, Nana ta bi ta. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya ƙara furta sunan yankan a gidan. Yarinya ce mai kai, ba ta ɗauko uban ba, alhamdu lillahi.

Ranar da za a sa ta makarantar boko, Injiniya yana da babban taro a ƙarƙashin wata tifa da ta mutu, bai samu zuwa ba. Yayan Azumi ne ya kai ta, wanda duk Zongo ke kira Dogo. Magatakarda ya tambayi sunan yarinya, aka ce Rakiatu. Ya tambayi sunan wanda ya kawo ta, Dogo ya ba da sunan da ke katinsa, Gariba. Aka rubuta Rakiatu Gariba, aka rufe littafi. Da haka ta yi firamare, da haka ta kai aji uku na JHS, ƙaramar sakandare, shekarar babbar jarrabawar BECE. Takardar sakamako kuwa Azumi ke karɓa ta sa ƙarƙashin katifa. Brimah tambayarsa ɗaya ce kullum: "Ta nawa ta zo?" A ce ta biyu, ya ce, "Jinina ne," ya fita.

Bara ya sayi babbar waya mai shafawa, mai tsagaggen gilashi. A daidai lokacin malamar ajin su Nana, Madam Serwaa, ta buɗe zauren WhatsApp na iyaye, don ta riƙa sanar da su wanda ya zo da wanda bai zo ba, da ranar shara, da batun yunifom. Wayar Azumi 'yar ƙarama ce mai maɓalli, sai aka ba da lambar Injiniya. Wayyo zauren nan. Madam ta rubuta cewa gobe a zo da tsintsiya, Brimah ya aika saƙon murya na minti tara a kan tarihin tsintsiya. Wata ta yi cigiyar takalmin ɗanta, Brimah ya yi wa takalmin addu'a. Ya naɗa kansa shugaban iyaye ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba, har da tasa, don ranar zaɓen bai je ba.

Sai aka shiga wani wata, kullum da ƙarfe tara Madam ta sa sunayen waɗanda ba su zo ba. Sunaye na canzawa, ɗaya ne ba ya motsi: Rakiatu Gariba. Litinin Rakiatu Gariba, Talata Rakiatu Gariba, har mako uku.

Nan Injiniya ya samu aikin yi. Da yake ba ya iya furta sunan uwarsa, sai ya riƙa cewa "mai sunan tsohuwa, 'yar wani Gariba." Ya danna waya ya kai baki: "Assalamu alaikum iyaye. Wannan Gariban, ko waye shi, ya ji kunya paa! Ka haifi yarinya ka sake ta kamar akuyar Aboabo? Har ka samu suna mai daraja irin na tsohuwata ka ɓata shi? Irinku ne ke sa Asante su ce 'yan Zongo ba ma son karatu. Ni 'yata ko zazzaɓi take yi sai ta je. A kawo mini shi in koya masa riƙon gida!"

Sau ɗaya Madam ta kira lambar kai tsaye. Ta ce, "Mista Gariba?" Ya ce, "Allah ya kiyaye! Nan Injiniya Brimah ne, shugaba. Ba na haɗa layi da wannan mutumin." Ya kashe. Ya zo yana ba mu labari wai har malamai sun fara neman shawararsa a kan Gariba.

Yanzu ku ji inda Nana take duk safiyar nan. A farkon watan ne Injiniya ya yanke hukunci cewa abincin Magazin ba ya yi wa cikinsa daɗi, kuma bai dace mutum mai matsayinsa ya shiga trotro, bas ɗin hayar nan, da kwanon abinci a hannu ba. Sai ya ce Nana ta riƙa biyo shi da waakye mai zafi, da ƙwai biyu da taliya, "ta miƙa da sauri ta wuce makaranta." Daga Zongo zuwa Suwame da safe! Mutum kan shiga trotro da gemu baƙi ya sauka da furfura. Kafin ta juyo, ƙarfe takwas ta wuce, mai gadi ya rufe ƙofa, kuma dokar makarantar ita ce wanda ya makara sai ya zo da babba. Yarinya ta gwada gaya masa sau ɗaya, ya ce, "Makaranta gudu take yi? Tana nan inda aka gina ta." Ta ji tsoron gaya wa uwar kada a yi faɗa a gida saboda ita. Sai ta riƙa zama a barandar wani shagon ɗinki da littafinta a cinya, har a tashi, ta bi sahun 'yan ajinsu zuwa gida.

Ranar Laraba Madam ta sa sanarwa ta ƙarshe: ranar Juma'a za a tura sunayen masu rubuta jarrabawa. Idan iyayen Rakiatu Gariba ba su zo da ƙarfe goma ba, za a ɗauka ta bar makaranta, a cire sunanta. Wanda aka cire kuwa sai baɗi, in ma ya dawo.

Ranar Alhamis da la'asar na iske Brimah a bencin mai shayi, ya tara mutane yana sake kunna musu muryarsa. Na ce, "Injiniya, wace ce wannan mai sunan tsohuwar?"

Ya ce, "Ke Safiatu, wannan maganar masu ilimi ce. 'Yar wani sakarai ce, Gariba."

Na ce, "A ajin su Nana?"

"A ajin su Nana. Gobe ma zan je in ga idonsa, in ya isa ya zo."

Ni na yi rawa a bikin Azumi, na ji lokacin da aka kira waliyyinta, Dogo, da sunansa na gaskiya. Dariya ta taso mini tun daga yatsun ƙafa. Na haɗiye ta. Na ce, "Lallai ka je, taubashi. Ka sa babbar riga. Irin wannan uban sai an yi masa a gaban jama'a."

Ya ce, "Yau kin yi hankali."

Daga nan gidan Azumi na wuce. Muka zaunar da Nana, ba a yi minti biyu ba ta fashe da kuka ta faɗi komai. Azumi ta ɗauki murfin tukunya ta ajiye shi a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa ban tsoro.

Juma'a, ƙarfe goma saura, Injiniya ya iso ofishin shugabar makaranta da babbar riga ruwan ƙwai da turare mai kashe sauro. Iyaye biyar-shida na zaune a kan wasu batutuwan. Ya bi su da hannu ɗaya-ɗaya yana cewa, "Ni ne mai muryar nan." Ya zauna a kujerar gaba ya ɗora ƙafa. Ni da Azumi muna bakin taga, bai gan mu ba.

Madam Serwaa ta buɗe rajista ta ce, "Rakiatu Gariba."

Brimah ya waiga yana murmushi, yana neman fuskar da za ta sunkuya. Sai ga Nana ta shigo da yunifom ɗinta, kwanon waakye a hannu, don ko ranar bai janye umarninsa ba. Ta zo ta tsaya a gefensa ta ce, "Baba, ga abincin."

Ya ce, "Nana, fita, ana maganar manya."

Madam ta ce, "Ita muka kira. Kai ne mahaifinta?"

"Ni ne. Amma ai wannan Nana ce."

Azumi ta shigo ta ce, "Sunan da aka yanka wa rago fa, Brimah? Kai ka riƙe ƙafar ragon. Gariba kuma Yaya Dogo ne, wanda ya kawo ta ranar da kake taro a ƙarƙashin tifa."

Na rantse muku babbar rigar nan sai da ta yi masa yawa a take. Wata mata daga Buokrom, wadda ya taɓa yi wa takalmin ɗanta addu'a, ta ciro wayarta ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ta danna. Ofis ya cika da muryar Injiniya: "A kawo mini shi in koya masa riƙon gida!" Ta ce, "Alhaji, ga shi an kawo maka."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta tambayi Nana inda take zuwa, yarinya ta faɗa, kwanon na hannunta yana shaida. Madam ta dubi agogo, ta dubi rajista, ta ce maki irin na yarinyar nan ba a yar da shi saboda ƙwai biyu da taliya. Za a bar sunan, amma da sharaɗi: Nana ta riƙa tsayawa darasin yamma har ta cike abin da ya wuce ta, kuma daga yau lambar uwa za a rubuta. In yarinya ba ta zo ba, za a kira Azumi a ƙaramar wayarta, baki da baki. Azumi ta karanto lambar da ka. Madam ta ɗauki wayarta, a gaban kowa, ta cire shugaban iyaye daga zauren iyaye.

Brimah ya buɗe baki zai yi jawabi, Azumi ta karɓi kwanon daga hannun Nana ta dangwara masa a cinya. Ta ce, "Suwame tana nan inda aka gina ta." Nana ta wuce aji.

Sunanta ya tafi cikin jerin a ranar, Rakiatu Gariba, don lokacin gyara ya ƙure, kuma da shi takardar shaidarta za ta fito. Yanzu kullum da safe za ku ga Injiniya a tashar trotro da farar rigarsa, ya rungume kwano a cikin baƙar leda, yana gaya wa kwandasta cewa kayan inji ne. Miyar kuwa tana ɗiga.