Baba, Yashin Gagarawa da Asalin Nauyi

Amalankenmu ya kafe a yashin hanyar Gagarawa, ni da Baba muna turi, ina ta zuba masa boko. Shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, na dawo hutu daga kwaleji, kai ya kumbura.

Na ce, "Baba, Turawa sun ƙera na'urar da ke harba ƙwayoyin zarra su yi karo su farfashe, don a gano asalin nauyi."

Ya share gumi ya ce, "Wahalar banza. Geron nan bai ƙaru ba tun daga gona. A tsandauri shanu gudu suke da shi, nan sun kasa. Nauyi ba a kaya yake ba, yana wurin abin da kayan ke ratsawa."

Na ƙyalƙyale da dariya gaban masu taya mu turi. Bai sake gaya mini tunaninsa ba har ya rasu.

Jiya jikata mai karatun kimiyya take ce mini wai wani abu ne ya cika duniya, ba a ganinsa, ratsa shi ke ba ƙwayoyin zarra nauyi.

Na ce ta maimaita.

Allah Ya jiƙan Baba. Ku fa, wa kuka yi wa dariya, yau kuke neman sa?