Ranar da Na Raka Goggo Wurin Depite

Shekarar da aka fara zaɓe na jam'iyyu da yawa, ni na bi gida-gida a unguwarmu ta Madarumfa ina nema wa wani ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, ƙuri'a. Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, lokacin, ana jin maganata. Goggo, ƙanwar babana, sana'arta matsar man gyaɗa, ita da matan gidansu. Ta ce ba ruwanta da siyasa, amma saboda ni ta ja su duka suka je suka jefa. Ya kuwa ci.

Ba a jima ba man waje ya cika kasuwa, cikin manyan bido, jarkokin nan, kuma ya fi na Goggo araha. Masu suyar ƙosai da masu tuyar kifi a bakin tabki duk suka koma kansa. Sai ta riƙa dawowa da kwalabenta yadda ta fita da su.

Ran da depite ya zo gari, ta yafa gyale ta ce in wuce gaba mu je wurinsa.

Ya karɓe mu da mutunci, har ya sa aka kawo fura. Da ta gama bayani ya ce, "Inna, wannan ba daga gare mu yake ba. Yarjejeniya ce ta ƙasashe. An buɗe kasuwa, ba a hana kaya shigowa."

"Wa ya yarda?"

"Gwamnati ta sa hannu."

"Ranka shi daɗe, ba ku ne gwamnatin ba?"

Ya ɗan yi dariya. Ya ce su majalisa ne, ko shi a rediyo ya fara ji. In an ƙi sa hannu kuma, manyan ƙasashe su juya mana baya.

Goggo ta juyo ta dube ni. "Kai malam, su waɗancan manyan, yaushe ake zaɓensu? In je in jefa."

Muka yi masa sallama muka fito.

A hanya ba ta yi mini faɗa ba, ta dai yi gaba abinta. Na riƙa cewa a raina ƙarya mutumin ya yi, can kuma in ce a'a, fuskarsa ba ta mai ƙarya ba ce. To in gaskiya ya faɗa, mi muka zaɓe shi ya yi?

Da na isa gida na tarar matata tana suyar kifi. Man bido ne. Ta ce shi ya fi auki, in ina da magana in faɗa. Na zauna na ci, ga daɗi kuwa, ban san da wa zan yi fushi ba.