Ranar da Aka Karrama Taubashina

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da ƙauyenmu na ƙasar Kebbe ya tashi karrama taubashina, ɗan gwaggota. Na halarci taruka da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda aka yi da zuciya ɗaya ya kuma yi ɓarna irin wannan ba.

Taubashin nan nawa matuƙin jirgin yaƙi ne, amma shekara da shekaru mu uku kawai muka san haka a dangi: shi, da Gwaggo, da ni da nake sayar da hatsi a Tambuwal. Sauran jama'a an gaya musu direba ne a gidan gwamnati. Har tausayinsa ake ji. Tsofaffi su zauna a gindin bishiya suna cewa yaro ya ƙare ƙuruciyarsa a boko, ƙarshenta ga shi yana buɗe wa wani ƙofar mota. Idan ya zo hutu sai ya sauka a wurina, ya tuɓe kayan birni, ya sa wata koɗaɗɗiyar riga, na goya shi a babur zuwa gida. Mutumin da ke juya jirgi a sama kamar fai-fai, da mun shiga ramukan hanyar Kebbe sai ya ƙanƙame ni yana salati. Ni kuwa abin nema ya samu, don tsakanina da shi ba kunya. Nakan ce, "Sake mini ciki, bawana, nan ba ka da lemar dira daga jirgi." Ya ce, "Ai gara sama, can babu mahaukacin direba irinka."

Ba don kunya yake ɓoyewa ba. Ya yi yaƙi a gabas, daga baya aka dawo da su wajen dazuzzukan da ke maƙwabtaka da mu, kuma kowa ya san mutanen dajin nan suna da kunnuwa a kowace kasuwa. Ba ya son ba da labari, amma wata rana muna cin rake a ƙofar shagona ya ɗan saki baki. Ya ce daga sama duk taro iri ɗaya ne, ɗigo-ɗigo kamar an watsa wa kaji gero. An taɓa tura shi wani wuri aka ce sansanin 'yan bindiga ne. Ya zagaya, ya sake zagayawa, sai ya hango shanya a kan danga da wasu ƙananan ɗigo suna bin inuwar jirgin a guje, alhali manya da bindiga ɓuya suke yi. Ya juya da bama-bamansa bai saki ko ɗaya ba, ya sha tambayoyi a wurin manyansa. Ya ce a duk aikinsa babu ranar da yake alfahari da ita kamar wannan. Ranar ban sake tsokanarsa ba.

Asiri ya tonu ne ta hannun baffana, ƙanin Gwaggo, wanda a lokacin ciwon neman kansila ya kama shi. Wani ya nuna masa hoto a waya, ga ɗan 'yar'uwarsa cikin kaki ana maƙala masa lambar yabo a gaban jirgi. Baffa ya hau mota har Tambuwal ya tsaya mini a ka yana haki. "Ashe ku munahukai ne! Muna da zaki cikin gida kuka ce muna direba? Wallahi sai duniya ta ji." Na ce, "Baffa, ka yi wa Allah ka bar maganar nan, shi da kanshi ya ce a ruhe." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hassada ce ka cin ka, don kai awon gero ka ƙare. Ni nika san abin da ya dace da ɗana."

Bai gaya wa mai abin ba, wai yana so ya ba shi mamaki. Ya jira har taubashina ya zo hutu duba Gwaggo, wadda ƙafa ta fara ba ta wahala, sannan ya zaɓi ranar da kasuwar ƙauyenmu ke ci, don a samu jama'a. Da hantsi muna zaune a tsakar gida muna shan fura sai muka ji lasifika tana tsaga gari. Na leƙa. Mota ce an lulluɓe ta da hotuna: Baffa a gaba da babbar riga, taubashina a gefe, jirgi a samansu, kai ka ce Baffa ne ya koya masa tuƙin. Maroƙi na zaune a kan motar yana kwarara kirari, yana faɗin sunansa da na mahaifiyarsa da unguwar da gidan yake, kada wani ya ɓata hanya.

Na juyo na ga ludayi ya tsaya masa a hannu. Bai ce komai ba sai, "Kawu ya gama da ni."

Kafin mu yi wata dabara an cika zaure. Aka ja shi filin makaranta, aka naɗa masa rawani a karkace, aka zaunar da shi a kujera mai laushi da aka aro. Maroƙi ya ce wannan ne wanda bai taɓa tashi da bam ya dawo da shi ba, shi ne ya mayar da daji kaza toka, shi ne idan ya yi tari a sama ɓarayi ke zawo a ƙasa. Duk harin da aka taɓa ji a rediyo, har na ƙasashen da bai taɓa takawa ba, an ɗora masa. Mata na guɗa, Baffa na ɗaga hannu kamar an riga an rantsar da shi. Sai masu buƙata suka yi layi. Wani tsoho ya ce idan zai bi ta Makka ya rage masa hanya, ba ya da kaya sai buta. Wani ya ce tsuntsaye sun dame shi a gonar dawa, ya ɗan zo ya yi musu ruri ko sau ɗaya. Wani kuma ya raɗa masa cewa akwai maƙwabcinsa da ke cin iyakar gona, ba kashe shi yake so a yi ba, a dai tsorata shi. Na yi dariya har da hawaye, ba ni da yadda zan yi.

Ana tsakar wannan wata dattijuwa Bafulatana mai tallan nono, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, ta ja ni gefe. Ta ce, "Ɗana, akwai baƙin huska biyu wajen masu babura, suna tambayar wane gida ne, kuma yaushe shika komawa. Ban san su ba, kuma ban so ganinsu ba. Ku hid da shi yanzu, kada ku jira rana ta hwaɗi."

Na raɗa wa taubashina. Da aka tashi sallar la'asar sai ya ce zai je gida ya sake alwala. Ta bayan gida muka fita. Ya cire rawanin, ya sa tsohuwar rigarsa da malfa, na ɗaure buhun dawa a tsakaninmu, muka bi ayarin masu komawa daga kasuwa. Kafin mu fita ya durƙusa gaban Gwaggo, ta dafa kansa ta ce, "Tahi, Allah shi tsare. Da ma direban na nika so." Muna barin gari ana jiyo lasifika tana sanar da cewa jarumi zai yi jawabi nan ba da jimawa ba. Ranar ce kaɗai ya hau babur ɗina bai yi salati ba, kuma ni ma ban iya tsokanarsa ba har Tambuwal.

Bai sake kwana a ƙauyen ba. Cikin makon aka ɗauke Gwaggo aka kai ta Sakkwato, aka ajiye ta a gidan haya mai tayil da take tsoron takawa. Duk wanda ya je daga gida sai ta tambaye shi awakinta da rumbunta, da ko an gyara dangar da ta faɗi. A can ta rasu, ba ta sake ganin ɗakinta ba, kuma wannan abu har yau yana yi mini ciwo. Baffa bai ci kansilan ba, amma hoton nan yana rataye a zaurensa. Idan ya yi baƙi yakan nuna musu ya ce yaran zamani ba su da godiya, an yi wa mutum taron da ba a taɓa yi wa kowa ba, ya tafi ko sallama babu.

Abin da na koya shi ne, idan naka ya ce a rufe masa wani abu, ko da abin alfahari ne, to ya hango abin da ba ka hango ba, kuma yin shirun shi ne gatan da za ka yi masa. Yanzu ya bar aiki, yana zaune can nesa da mu. Har yau akan samu wani a kasuwa ya tambaye ni, ina ɗan gwaggon nan taka, me yake yi ne ma? Sai na ci gaba da awona na ce masa direba ne.